Darasi na 9: Inda Ƙauye Ke Ajiye Tarihinsa, Misali Daga Ƙasar Tsanyawa

Duk wanda aka ce ya lissafa wuraren tarihi na Jihar Kano, kafin ya numfasa zai ambaci Dutsen Dala, da ganuwar birni da ƙofofinta, da Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Bai yi ƙarya ba. Sai dai a lura, dukkansu a birni ɗaya suke, alhali jihar tana da ƙananan hukumomi 44, kuma mafi yawan ƙasarta gonaki ne. Matafiyin da ya tashi daga Kano zuwa Katsina, ya wuce Dawanau, ya wuce Bichi, ya ratsa Tsanyawa kafin ya kai Gidan Mutum Ɗaya, abin da yake hangowa ta tagar mota dawa ce da gero da itatuwa jefi-jefi, sai ya ɗauka babu abin kallo a nan, balle abin nazari. Wannan darasi yana ja da wannan ɗauka. A ƙasa irin ta Tsanyawa, gona ita ce babban ginin tarihi. Hannun mutum ne ya yi ta, an gaje ta kaka da kakanni, ana gyara ta kowace shekara, kuma tana ɗauke da shaidu da mai lura zai iya karantawa ko bai taɓa shiga ɗakin ajiyar takardu ba. Da yawa daga cikin masu zama a wannan aji sun fi marubutan littattafai sanin fartanya da sungumi. Abin da darasin zai ƙara musu shi ne yadda za su mai da wannan sani hujja.

Mu fara da abin da aka auna. Ƙaramar Hukumar Tsanyawa tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan iyaka da Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Bichi da kuma Kunchi, wadda aka sauya wa suna zuwa Ghari a 2024. Mazaɓunta 10 ne, cikinsu akwai Tsanyawa kanta da Yankamaye da Daddarawa da Kabagiwa da Zarogi da Gurun da Tatsan. Faɗinta murabba'in kilomita 492 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 157,680. Idan aka raba jama'ar a kan faɗin, za a sami kusan mutum 320 a kowane murabba'in kilomita. Wato da za a yanka ƙasar a bai wa kowa nasa, rabon mutum ɗaya ba zai kai sulusin hekta ba, kuma a cikin wannan ɗan rabo har da filin gida da hanya da kasuwa da maƙabarta. Wannan lissafin 2006 ne, tun daga lokacin kuwa haihuwa ba ta tsaya ba. A 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi nazarin karkarar da ta kewaye Kano, suka shata ta a matsayin yankin da cunkoson manoma ya haura kimanin mutum 140 a murabba'in kilomita. Tsanyawa ta ninka wannan ma'auni fiye da sau biyu. Ga shi kuma ƙasar yankin galibi jigawa ce mai rairayi, damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. To ta yaya ƙasa irin wannan ta riƙe jama'a haka, ana nomanta shekara bayan shekara ba hutu, ba ta mutu ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Amsar tana cikin aikin da kowane manomi ya sani, har ya daina ganinsa abin mamaki. A wuraren da daji yake da yawa, idan gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura, a sari sabon wuri. A karkarar Kano wannan dama ta ƙare tun da daɗewa, saboda haka aka koyi ciyar da ƙasa maimakon guje mata. Ana shuka gero da dawa, a sa wake ko gyaɗa a tsakani. Jijiyar wake da ta gyaɗa tana da 'yan ƙulle-ƙulle waɗanda ke jawo wa ƙasa, daga iska, irin sinadarin da ake saye a buhun yuriya. Da kaka a kwashe harawa a ɗora a kan itace ko a kan soro, a tara kara da karmami. Da damina kuwa dabbobi a ɗaure suke a gida, tun da ba inda za a sake su ba su yi ɓarna ba, ana yi musu ciyawa ana kawo musu. Kashinsu da fitsarinsu, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, duk suna taruwa a juji, da bazara kuma a loda a mangala ko a amalanken shanu a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Abin da gona ta bayar ya bi ta cikin akuya ya koma mata. Wata mai bincike, Frances Harris, ta bi diddigin wannan zagaye a ƙauyen Tumbau, gabas da Kano, a shekarun 1990, tana auna abin da ke fita daga gona da abin da ke shiga, ta kuma nuna cewa ƙananan dabbobi da wake da gyaɗa su ne ƙashin bayan tsarin, har ƙurar da iskar hunturu ke saukewa ma tana ƙara wa ƙasa wani abu. A nan akwai wani abin da littattafan tarihi suka cika tsallakewa. Yawancin awaki da tumakin da ke gidajen karkara na mata ne, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da adashi suka saye su. Matar da ke cikin kulle, wadda ƙila ba ta taka gonar mijinta ba duk damina, tana da hannu a kowane dami da aka ɗaure a can.

Shaida ta biyu itatuwa ne, kuma a kansu ya kamata mu daɗe. Baƙo yana ganin itacen gona kamar ragowar daji ne da gatari ya manta. Manomi ya san ba haka ba ne. Kowane itace da ke tsaye a tsakiyar gonar da ake huɗa duk shekara, wani ne ya ga tsironsa ya kauce masa da garma, ya kare shi daga akuya, ya sassabe masa rassan ƙasa har ya miƙe. Saboda haka irin itatuwan da aka bari suna faɗa mana abin da mutanen da suka bar su suke so. An bar gawo domin yana zubar da ganye da damina, bai hana shuka rana ba, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke neman inuwa, ga 'ya'yansa abincin tumaki, ga dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta gefe kyau. An bar ɗorawa saboda kalwa da gari, tsamiya saboda kunu, kuka saboda miya da igiya, kanya da ɗinya da aduwa saboda yara da kuma ranar da rumbu zai yi ƙasa. Itace yana da mai shi, ana gadonsa, wani lokaci ma a sayar da gona a ware ɗorawar da ke ciki. Itatuwa kuma suna ba da shekaru. Darbejiya baƙuwa ce, daga Indiya asalinta, a zamanin Turawa aka shigo da ita ƙasar nan, saboda haka layin darbejiya a bakin hanya ko a kasuwa ko a ƙofar makaranta yana nuna aikin hukuma na ƙarni na 20. Kuka kuwa tana daɗewa ƙwarai, tana kuma yawaita inda mutane suka zauna suna zubar da ƙwallonta. Inda aka ga manyan kukoki sun taru a fili ba gida ko ɗaya, a duba ƙasa da kyau bayan ruwan farko: sau da yawa za a tsinci fasassun tukwane, ko dutsen niƙa, ko alamar tsohuwar rijiya da ta rufta. Wannan kufai ne, gari ne da ya tashi, kuma dole akwai dalilin tashinsa.

Dalilin yakan kai mu ga yaƙi, ko yunwa, ko ƙafewar ruwa. Yankin da Tsanyawa take ciki yana tsakanin manyan birane biyu ne, Kano da Katsina, waɗanda suka daɗe suna gwabzawa kafin jihadi. Bayan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun ci Kano a 1807, arewacin ƙasar bai zauna lafiya nan da nan ba. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, wani jagora mai suna Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi shekaru ana fafatawa, daga wannan rikici ne masarautar Kazaure ta samu. Daga arewa kuma Katsinawan da suka koma Maraɗi sun yi ta kawo hari a tsawon ƙarnin. A irin wannan zamani mai hankali ba ya kwana a gidan gona shi kaɗai, sai a taru a gari a kewaye shi da ganuwa ko kafi da gwalalo. Inda duk aka ga wani dogon tudu ya lanƙwasa ya kewaye tsohuwar unguwa, da kwari a bayansa, to ragowar wannan tsoro ne. Inda kuma aka ga gidaje sun bazu ɗai-ɗai a cikin gonaki, kowa kusa da tasa, wannan shaidar kwanciyar hankali ce, domin ba a yin haka sai an amince da dare. Duk da yaƙe-yaƙen, noma bai mutu ba. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya taso daga Katsina ya biyo ta Kusada da Bichi ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851, ya ratsa wannan shiyya, ya kuma bayyana ta a matsayin ƙasa mai garuruwa kusa da juna, da gonaki, da manyan itatuwa masu inuwa, da shanu. Abin da ya gani shekara fiye da 170 da suka wuce bai yi nisa da abin da ke bakin titi yau ba.

Zuwan Turawa ma ya bar sawunsa a gona. Sun ci Kano a Fabrairun 1903. Kafin su, hakimai a birni suke zaune, jakadu ne ke zuwa karkara karɓar haraji. Wajen 1907 zuwa 1908 aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikin talakawansu, daga nan ne wasu garuruwa suka sami gidan hakimi da kotun alƙali da kasuwa mai ci, suka shige gaban maƙwabtansu. An kuma riƙa tura malamai suna auna gonaki da takun ƙafa don yanka haraji, abin da ya sa iyakar gona ta ƙara zama maganar da ba a wasa da ita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a noma wa masaƙun Ingila, manoma kuwa suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, tana zama tsakanin gero, harawarta abincin dabba ce, in kasuwa ta faɗi kuma a ci ta a gida. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka baza wakilai ƙauyuka suna saye. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotonta a birni aka tara ta, amma ba a birni aka noma ko ƙwaya ɗaya ba. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta tsugunar da gyaɗa a 1975, su suka rufe wannan babi, wake ya ƙara samun wuri a gona, daga baya riɗi ya shigo da ƙarfi. Harajin da ya kori magidanta da yawa zuwa cin rani, shi da jangali, Gwamna Abubakar Rimi ne ya soke su a 1979.

Mai ja zai ce duk wannan hasashe ne, tarihi sai da rubutu, kuka ba ta magana, tsoho kuma yana mantuwa, yana kuma ƙara wa kakansa girma. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya ɗauki duk abin da ya ji a zaure ya rubuta ba tacewa, tatsuniya ya tara. Amma rubutu ma yana da nasa son rai. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, jerin sarakuna ne tun daga Bagauda, da yaƙe-yaƙensu da gine-ginensu, manomi ba ya bayyana a ciki sai in za a karɓi wani abu a hannunsa. Rahoton jami'in Turawa kuma ido ne na mai neman haraji, wanda mutane ke ɓoye wa shanu da 'ya'ya. Babu shaida ɗaya da ta isa ita kaɗai, magani shi ne a gwama su. Idan dattijo ya ce unguwarsu daga wancan kufai ta taso saboda rijiya ta ƙafe, a je a ga ko akwai kufan da rijiyar. Idan aka ce garin nan da marina yake, a nemi ramukan karofi. Idan aka ce da maƙera, a nemi baƙin kashin tama a ƙasa. Girman kududdufi yana nuna yawan ƙasar da aka haƙa aka yi gini, saboda haka yana nuna daɗewar gari. Yunwa ma ma'auni ce, domin wanda aka ce an haife shi shekarar Kakalaba, an san wajen 1914 ke nan. Sannan ba gaskiya ba ne cewa karkara ba ta da takardu. Akwai wasiƙun ajami a cikin gafakar malamai, akwai sunayen masu kwafi a ƙarshen Alƙur'anai rubutun hannu, akwai littattafan shari'ar gado da na rikicin iyaka a kotuna, akwai fayilolin gundumomin Lardin Kano a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama tun shekarun 1950. Yau ma duk mai babbar waya zai iya buɗe hoton tauraron ɗan'adam ya ga gonarsa da itatuwan da ke cikinta.

Ja na biyu ya fi nauyi. Wani zai ce wannan yabon talauci ne: ana kiran gona ginin tarihi alhali mai ita ba ya noma abin da zai kai shi wata shida, ƙuduji ya cinye dawa, buhun taki ya fi ƙarfinsa, 'ya'yansa suna Kano ko Abuja ko Legas suna acaɓa da ga-ruwa da gadi. Ba za a kauce wa wannan ba, kuma akwai ma abin da za a ƙara a kai. Wani ɓangare na ƙarfin da ya gyara karkarar Kano a ƙarni na 19 ƙarfin bayi ne a rinjin sarakuna da attajirai, bauta kuwa ba a haramta ta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Polly Hill, wadda ta yi nazarin Batagarawa ta ƙasar Katsina da Dorayi ta bakin Kano, ta nuna cewa a ƙauye ɗaya akwai mai sayen gona da mai sayarwa, kuma mafi talauci yakan bar tasa gonar ba noma ya tafi ƙwadago a ta wani, don abin da za a ci yau. Lissafin gado ma ba ya tausayi. A ce bayan an fitar da rabon matan mamaci da iyayensa hekta 4 ta rage, 'ya'ya maza 3, mata 2. Kashi 8 za a yi, kowane namiji ya sami hekta 1, kowace mace rabin hekta. In kowane ɗa ya bar 'ya'ya kamar na ubansa, jikoki maza a rubu'in hekta za su tsaya. Haka kuma binciken Mortimore ya fi ƙarfi a ƙauyukan da ke kusa da birni, waɗanda jakunansu ke kai itace Kano su komo da taki. Tsanyawa ta yi nisa da wannan gata, dogaronta ga dabbobinta ne da shanun Fulani da ke sauka a gona da rani, ga shi burtali yana ta ƙanƙancewa, kowa na cin gefensa. Har matsalar tsaro da ta daɗe tana addabar ƙauyukan Katsina ta taɓa wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025.

Duk an yarda. Sai dai abin da waɗannan hujjoji suka tabbatar shi ne tsarin yana cikin matsi, ba su tabbatar da cewa babu hikima a cikinsa ba. Tun 1798 wani masani mai suna Malthus ya ce yawan jama'a zai rinjayi abinci, a 1965 kuma wata masaniya, Ester Boserup, ta ce yawan jama'a yakan tilasta wa manomi ya ƙara dabara da aiki a kan ɗan filin da yake da shi. Karkarar Kano tana cikin misalan da masana ke kawowa a ɓangaren Boserup, domin nazarin itacen girki da aka yi a shekarun 1980 ya sami gonakin da jama'a suka yi wa yawa sun fi dajin da ba mai shi yawan itace. Dalili a fili yake: itacen da ke gonar wani akwai mai tsaronsa. Abin da ya fi kashe irin wannan ƙasa shi ne rashin hannu. Ƙasar Girka ta ga haka. Ƙauyukanta na kan tsaunuka sun yi ɗaruruwan shekaru suna jera duwatsu hawa-hawa a jikin tudu don tare ƙasa, suna dasa zaitun da inabi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasarsu na 1946 zuwa 1949, matasa suka kwarara zuwa babban birni da Ostireliya da Jamus ta Yamma, wadda ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Girka a 1960. Tsofaffin gine-ginen dutse da masu yawon buɗe ido ke zuwa gani suna nan tsaye ko ba kowa, amma a wurare da yawa jerin duwatsun gonaki ya rushe, ruwa ya kwashe ƙasa, ƙaya ta rufe, gobarar daji ta sami abin ci. Ganuwa ana iya kewaye ta da waya a sa mai gadi. Gona ba ta adanuwa haka, tana nan ne muddin mai ita yana samun abin da zai sa ya koma mata baɗi. Saboda haka farashin taki, da hanyar kai kaya kasuwar Badume ko Dawanau, da tsaron dare, da kuɗin da ɗan cin rani ke aikowa a sayi tunkiya, duk suna cikin maganar adana tarihi, ko da ma'aikatar al'adu ba ta lissafa su.

Akwai kuma masu cewa ci gaba shi ne a haɗe ƙananan gonaki, a tumɓuke itatuwa don tarakta ta sami hanya, a dogara ga buhu. Ba wanda ke ƙin inji ko ingantaccen iri, garmar shanu ma baƙuwa ce a da, ta zauna domin tana bi ta tsakanin itatuwa ba ta nemi a sare su ba. Amma takin zamani a kan rairayin da ba shi da takin gargajiya ruwa ne ke wanke shi, kowane manomi ya ga haka da idonsa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gwada share gona ƙal bisa shawarar masana, iska ta riƙa binne shuka. Daga 1983 manoman jihar Maraɗi, tare da wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka koma kula da tohon kututturan da ke cikin gona, suna zaɓar reshe mai ƙarfi suna sassabe saura. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itace ya dawo a kan hekta wajen miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Abin da duniya ta yaba a can a matsayin sabuwar dabara, shi ne abin da kakannin mutanen Tsanyawa suka yi wa gawo da ɗorawa ba tare da an ba su lambar yabo ba.

A duba kuma yadda iyakokin mulki ke motsi. Wanda aka haifa a Tsanyawa a 1960 ɗan Lardin Kano ne a Jihar Arewa. A 1967 ya zama ɗan Jihar Kano, a 1976 En'e ta ba ƙananan hukumomi wuri, a 1987 maƙwabtansa na yamma suka tashi daga Jihar Kaduna suka zama 'yan Jihar Katsina, a 2019 aka sa ƙasarsa ƙarƙashin sabuwar Masarautar Bichi, a 2024 aka rushe dokar da ta kafa ta aka mai da shi ƙarƙashin Kano. Duk wannan a rayuwar mutum ɗaya. Jerin gamba ko aguwa da ya raba gonarsa da ta maƙwabcinsa kuwa, sau da yawa yana inda kakansu ya dasa shi, kuma ranar da rigima ta tashi, dagaci da mai unguwa wurin wannan jeri suke zuwa, su kira dattawan da suka san shi.

Aikin da ke biye da wannan darasi a waje za a yi shi. Ɗalibai su rabu uku-uku ko huɗu-huɗu, kowace ƙungiya ta ɗauki unguwa ɗaya, ta zana taswirarta a babbar takarda, ta sa masallaci da rijiyoyi, masu ruwa da matattu, da kududdufi da maƙabarta da burtali da kufai in akwai. A zaɓi gona ɗaya da izinin mai ita, a ƙirga itatuwanta iri-iri, a tambayi wanda ya bar kowanne da abin da ake yi da shi, a kuma rubuta hannun da gonar ta bi, ko gado ne ko saye ko jingina ko aro, iyakar inda aka iya tunawa. A zauna da dattawa aƙalla biyu, a tabbata akwai mace a ciki, domin abin da Inna ta sani na rijiya da aure da shekarar yunwa ba lalle Baba ya san shi ba. A gaishe su yadda ya kamata, a bar su su gama magana kafin a sake tambaya. Inda bakinsu ya saɓa kada a zaɓi wanda ya fi daɗi, a rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai faɗa da ranar da aka ji, da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna wurin malamin aji, ɗaya a kai wa dagaci.